Emporia: Garin da tseren keke ya bar kwalta ya koma burji

Matafiyin da ya bar birnin Kansas City a tsakiyar Amurka ya nufi kudu maso yamma, ba zai cika awa biyu a mota ba zai ga gonaki sun fara ja da baya, ƙasa ta soma hawa da sauka, ciyawa ta mamaye ko'ina har iyakar ganin ido. Nan ne bakin tuddan Flint Hills, wato tuddan dutsen ƙyastu. Dutsen yana kwance dab da saman ƙasa, shi ya sa manoman da suka kwararo yankin a ƙarni na 19 suka kasa ratsa shi da garma, suka bar shi ga makiyaya. Cikin doguwar ciyawar da ta taɓa lulluɓe tsakiyar nahiyar, abin da ya saura bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa a waɗannan tuddai yake. Duk shekara, wajen watan Maris zuwa Afrilu, masu garke kan cinna wa tsohuwar ciyawa wuta domin sabuwa ta tofo. Kafin ƙarshen Mayu sai tuddan su koma kore shar, shanu na kiwo a kansu.

Tsakanin makiyayun nan akwai hanyoyin burji masu yawan gaske, waɗanda ƙananan hukumomi ke zuba wa tsakuwa domin motocin manoma da na ɗaukar shanu. Tsakuwar tana da kaifi, tana yanka tayar keke kamar reza. Wasu hanyoyin ba a cika kula da su ba, suna ratsa rafi ba gada, kuma in aka yi ruwa sai su zama taɓo mai danƙo. A gefen gabas na wannan yanki garin Emporia yake, mai mutum kimanin 24,000, da jami'a guda ta jiha, da layin dogo, da wani dogon titin kasuwa mai suna Commercial Street. A da, in an san garin a waje, saboda ɗan jaridar nan ne William Allen White, wanda ya sayi jaridar Emporia Gazette a 1895. Yau kuwa, daga Ostireliya har Holan, masu hawan keke sun san sunan garin saboda tseren da ake kira Unbound Gravel.

Ana yin tseren a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Tun kafin gari ya waye titin kasuwar ke cika, a gaban tsohon gidan kallo na Granada, kekuna jere da fitilu a kunne. Babban zango mil 200 ne, kimanin kilomita 320, akwai kuma gajerun zanguna ga masu ƙaramin ƙarfi, da wani na mil 350 ga masu son kwana a kan sirdi. A 'yan shekarun nan mahaya kan haura 4,000. Na gaba sukan dawo gari da la'asar, na baya kuwa sai tsakar dare, kuma mutanen gari na tsaye a bakin titi suna kaɗa musu ƙararrawar shanu. Malamin makaranta mai shekara hamsin da mahayin da ya taɓa shiga gasar Tour de France, hanya ɗaya suke bi, ƙura ɗaya suke shaƙa.

A 2006, lokacin da Jim Cummins da Joel Dyke suka fara shirya shi da sunan Dirty Kanza, mutum 34 ne suka tashi. Ba su nemi izinin hukumar tseren keke ta ƙasa ba, ba su kuma tambayi kowa lasisi ba. Yadda wannan ɗan taro ya girma har ya sha gaban tseren da ke ɗauke da hatimin hukuma, magana ce ta kuɗi kafin ta zama ta wasa, kuma sai an dubi lissafin ɓangarorin biyu za a gane ta.

A Amurka, hukumar da ke kula da tseren keke ita ce USA Cycling, mai hedikwata a Colorado Springs, wadda asalinta ya koma ga wata ƙungiyar 'yan dagaji da aka kafa a 1920. Ita ke wakiltar ƙasar a hukumar duniya ta UCI da ke Suwizalan. Ɗan dagajin da ke son shiga tseren kwalta na hukuma sai ya yanki lasisi, na shekara ko na yini ɗaya, sannan ya biya kuɗin shiga kowane tsere. Ana jera mahaya aji-aji, sabon shiga yana ƙasa, yana tara maki yana hawa har ya kai aji na ɗaya. Mai shirya tsere shi ma yana da nasa nauyin. Zai biya kuɗin izini ga hukuma, da kuɗin inshora a kan kowane mahayi, da ladan alƙalan wasa. Sannan ga abin da ya fi cin kuɗi: titin kwalta ba ya rufuwa kyauta. Sai an nemi amincewar gari, an biya 'yan sandan da za su tsare mahaɗun hanya, an yi hayar shingaye, an ajiye motar asibiti, an tanadi kyautar waɗanda suka yi nasara.

Yawancin waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don mahaya sun yi kaɗan. A ɗauka, don misali kawai, cewa shirya tseren yini ɗaya ya ci dala 10,000. In mutum 200 suka zo, kowa ya ba da 50 an fita kunya. In 100 suka zo, ko dai kowa ya ba da 100, ko mai shiryawa ya cike giɓin daga aljihunsa. Da kuɗin shiga ya hau sai wasu su janye, da sun janye sai ya ƙara hawa. Tsarin aji-aji kuma yana tilasta a tsare titi tun safe har yamma domin kowane rukuni ya samu nasa lokaci, ko da rukunin mutum goma sha biyu ne. Ga shi abin da sabon shiga ke samu a madadin kuɗinsa ba shi da yawa. A tseren zagaye na cikin gari, wanda ayari ya bari a baya alƙali kan fitar da shi kafin a kammala, ya koma gida bayan minti ashirin ba abin da zai ba da labari.

Manyan tsere ma ba su tsira ba. Kallon tseren keke a bakin titi kyauta ne, babu ƙofar da za a karɓi tikiti, don haka komai ya rataya a wuyan kamfanonin da ke ɗaukar nauyi. In suka juya baya, magana ta ƙare. Babban tseren jihar Colorado da aka fara a 2011 ya tsaya bayan 2015. Na birnin Philadelphia, wanda aka shafe shekaru sama da talatin ana yi, ya tsaya bayan 2016. Tour of California, mafi girma a ƙasar, ya yi na ƙarshe a 2019.

A daidai wannan zamani wani irin tsere ke tsirowa a ƙauyukan tsakiyar ƙasar, wanda za mu iya kira tseren gayya, domin ruhinsa na aikin gayya ne: mutum ɗaya ya yi kira, jama'a su amsa, kowa ya zo da guzurinsa. Trans Iowa ya fara a 2005, kuma shi ne ya zaburar da mutanen Kansas. Almanzo 100 ya biyo baya a jihar Minnesota a 2007, ba a biyan ko sisi, rajistarsa kuwa katin wasiƙa ne mutum zai aika ta gidan waya. Dabarar mai sauƙi ce. Hanyar burji ba ta da yawan motoci, saboda haka ba a rufe ta, ba a kuma hayar 'yan sanda sai ɗan rakiya a bakin gari. Kowa na tashi lokaci guda, babu aji balle a raba yini. Babu kyautar kuɗi. Mahayi shi zai nemo hanyarsa da taswira ko takardar kwatance, shi zai yi facin tayarsa, shi zai gyara kacarsa in ta tsinke, in kuma ya gaza shi zai nemo wanda zai zo ya ɗauke shi. Wanda ya zo na ɗari biyu ma ya ci riba, domin abin da ya saya shi ne yini guda a daji da alfaharin cewa ya kai ƙarshe.

Sai dai Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da aka ce ba a kashe ba, in aka bi sawunsa, za a tarar wani ne ya biya shi a wani wuri. Titin da ba a biya haya ba, harajin manoman yankin ne ke zuba masa tsakuwa. Aikin da ma'aikaci zai yi a biya shi, 'yan sa-kai ne suka yi shi don Allah. Haɗarin da shinge da ɗan sanda ke ragewa, mahayi ne ya ɗauke shi a kansa lokacin da ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yarda. Shi kuma mai shiryawa yana biya da hutunsa da man motarsa da barcinsa, yana yawon duba hanya wata da watanni. Irin wannan biya yana da iyaka. Trans Iowa, wanda aka yi shi kyauta a mafi yawan shekarunsa, ya rufe a 2018 bayan karo goma sha huɗu, alhali masu son shiga ba su ƙare ba. Tseren da ya dogara ga ƙarfin halin mutum ɗaya, tsawon ransa tsawon haƙurin mutumin ne.

Emporia ta bi wata hanya dabam. Tseren ya yi ta girma har guraben shiga suka riƙa ƙarewa cikin ƙiftawar ido, sai aka koma jefa ƙuri'a a 2018. A shekarar ce kuma kamfanin Life Time, mai gidajen motsa jiki a faɗin Amurka, ya saye shi. A 2019 wasu ƙwararru daga ƙungiyoyin da ke fafatawa a Turai suka shigo, Colin Strickland kuma ya zama na farko da ya kammala mil 200 cikin ƙasa da awa goma. A 2020 annobar korona ta hana yin tseren, kuma a shekarar aka sauya masa suna. Kanza sunan al'ummar Kaw ne, mutanen asali da jihar Kansas ta samo sunanta daga gare su, waɗanda gwamnati ta kwashe daga yankin a 1873 ta kai su inda ake kira Oklahoma a yau. Haɗa sunansu da kalmar da ke nufin datti ya zama abin ƙorafi, kamfanin kuma ya ga gara ya rabu da shi.

Ga garin, wannan mako kaka ce. Otal-otal kan cika tun watanni kafin ranar, jami'a kan buɗe ɗakunan kwanan ɗalibai ga baƙi, iyalai kan ba da hayar gidajensu. Ƙungiyoyin agaji na gari kan karɓi kuɗi su zama masu hidimar mahayan da suka zo ba rakiya, su jira su a tashoshin hanya da ruwa da abinci. Kamfanonin keke kan baje kolinsu a tsakiyar gari. Muhimmancin wannan yana fitowa ne in aka tuna halin da garin ke ciki. A 2008 kamfanin nama na Tyson ya daina yanka shanu a masana'antarsa ta Emporia, ayyuka kimanin 1,500 suka tafi. A farkon 2025 ya rufe abin da ya rage, wasu fiye da 800 suka bi baya. Gari irin wannan ba ya raina baƙon da ya zo da kuɗi a aljihu. Amma mako guda na ciniki ba ya maye gurbin albashin wata goma sha biyu, kuma kuɗin rajista, wanda shi ne kan kasuwar, yana shiga asusun kamfanin da hedikwatarsa ke Minnesota, wanda ake sayar da hannun jarinsa a kasuwar New York. Garin yana da titi da ciyawa da tarba, kamfani yana da sunan tseren da ikon yanke shawara a kansa.

Ga mahayi ma lissafi ya sauya. Kuɗin shiga babban zango ya haura dala 200, ban da sufuri da masauki da ladan masu hidima, ban da keken burji na musamman da kamfanoni suka ƙirƙiro masa kasuwa, wanda mai kyau a cikinsa kan ci dubban daloli. Tseren da aka fara domin guje wa tsadar hukuma ya wayi gari ya fi tseren hukuma na ƙaramin gari tsada nesa ba kusa ba. Bambancin da ya rage shi ne mutane na biya da son ransu, har suna layi, domin sun gamsu da abin da ake ba su.

Da kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. A 2022 Life Time ta haɗa Unbound da wasu tsere nata cikin gasa guda mai kyautar dala 250,000. Da kuɗi da kwantiragin tallace-tallace suka shigo, sai gardama ta biyo baya: wa ya tsaya shan ruwa, wa ya wuce, wa ya fake a bayan wa. Daga 2023 aka ware wa ƙwararru nasu lokacin tashi, maza dabam mata dabam, aka kuma hana su wasu kayan da ke ƙara haɗari a cikin ayari. A shekarar ne taɓo ya tsayar da ɗaruruwan mahaya tun farkon hanya, suka saɓa kekuna a kafaɗa, suna kankare laka da 'yan sanduna, aka yi ta muhawara a kan ko wanda ya biya kuɗi masu yawa yana da haƙƙin a sauya masa hanya. Aji, da doka, da alƙali, da kyauta, duk abubuwan da aka baro a kwalta sun biyo sawu ɗaya bayan ɗaya.

Maganar tsaro ta fi kowace nauyi. Mutum talatin a hanyar da ba a rufe ba, abu ne mai sauƙi. Ayarin ƙwararru masu gudun kilomita sama da talatin a awa, suna cin kwana ba su san ko motar manomi na tafe ba, wannan wani abu ne dabam. A watan Agusta na 2022 Sule Kangangi, ɗan Kenya kuma jagoran ƙungiyar Amani ta mahayan gabashin Afirka, ya rasu bayan ya faɗi a wani tseren burji a jihar Vermont. Rasuwarsa ta tuna wa kowa cewa a daji asibiti na da nisa. Su ma mazauna karkara sun fara magana. A yankin Steamboat Springs na jihar Colorado, ƙorafin masu garke ya sa hukumar yankin ta tsaurara sharuɗɗa ga babban tseren burji na can, ta rage yawan mahaya. Wanda hanyarsa ta zama filin wasan wasu ya fara neman a saurare shi.

Hukumomi kuma ba su tsaya kallo ba. UCI ta shirya gasar duniya ta burji karo na farko a 2022 a yankin Veneto na Italiya. USA Cycling ta yi gasar ƙasa ta farko a 2023 a garin Gering na jihar Nebraska. Abin dariyar shi ne, tun shekaru kafin haka wasu abokai a birnin Lincoln na jihar suke yin nasu tseren suna kiransa gasar duniya don barkwanci, ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

A nan ya kamata a yi wa hukuma adalci. Kuɗin lasisi ba duka ne ke tafiya ga takardu ba. Da shi ake horar da alƙalai da masu horarwa, ake gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, ake shirya gasar yara, ake gina tsanin da ɗan shekara goma sha huɗu zai bi har ya kai gasar Olamfik. Tseren mil 200 ba ya renon yaro. Ian Boswell, wanda ya lashe Unbound a 2021, da Lachlan Morton, wanda ya lashe a 2024, dukansu a tseren kwalta na hukuma suka girma kafin su zo Kansas. Burji yana girbin abin da wani ya shuka. A ɗaya ɓangaren, hukuma ta daɗe tana karɓar kuɗin babban mutum mai aiki da iyali domin gina tsanin da shi ba zai taɓa hawa ba, ba ta kuma tambaye shi abin da yake so ba. Da ya samu inda ake maraba da shi ko da zai zo na ƙarshe, sai ya ɗauki kekensa da kuɗinsa ya tafi.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙon wannan ja-in-ja ba ne, ko da bai taɓa ganin tseren keke ba. Kokawar da ake yi a dandalin ƙauye bayan girbi da gasar takobi ta ƙasa da gwamnatin Nijar ke shiryawa tun 1975, kowace tana buƙatar 'yar'uwarta: dandali ke haifar da 'yan kokawa, gasar ƙasa ke ba su suna da abin da za su kai gida. Tambayar da Emporia ke ajiye wa duk mai tunanin shirya wasa, ko a unguwa ko a ma'aikatar wasanni, ita ce wa ke biyan kowane kaso na kuɗin, kuma ya san yana biya? Taron da bai wuce mutum hamsin ba zai iya rayuwa a kan zumunci da sa-kai. Da ya kai dubu, dole wani ya ɗauki nauyin inshora da motar asibiti da haƙƙin masu hanya, kuma wanda ya ɗauki nauyin shi zai riƙe linzami. Mutane uku ne ke iya riƙe shi: hukuma, ko kamfani, ko garin kansa. Masu gayya da suka ƙi na farko kuma ba su shirya zama na uku ba, a ƙarshe na biyu ne ke gadar gonarsu.